Tabar Habana da Ma'anar "Kyau"

Akwai wata irin taba da Turawa ke kira sigar, wadda ba a naɗe ta da takarda, sai da ganyenta. Wadda ta fi suna ita ce ta tsibirin Kyuba, ana noman ganyen a yankin Pinar del Río, a naɗe shi da hannu a birnin Habana. Mun ɗauko zancenta ne, 'yan makaranta, don wata kalma da muke faɗa kullum ba mu auna ta ba, watau "kyau".

Ganye iri uku ake haɗawa. Akwai na ciki, mai ɗanɗano, da wanda ke ɗaure shi, sa'an nan na waje, watau riga, wanda ake nomawa ƙarƙashin rumfar ƙyalle don rana kada ta kausasa shi. Cikin kayan aikin manaɗi akwai allo, da wuƙa, da ɗan ƙaro. In ya cusa ganyen ciki da yawa, hayaƙi ba ya fita. In ya rage, wuta ta cinye da sauri. Shi ya sa gwanin sha ba ya yarda da riga. Sai ya latsa daga kai har gindi ya ji ko akwai wurin da ya yi tauri ko ya lotsa, ya kunna, ya duba ko wutar na ci daidai ta kowane gefe, ko tokar ta tsaya ba ta zuba ba. Ashe amanar manaɗi tana can cikin inda ido ba ya kaiwa, ba ta bayyana sai an ƙone aikinsa. Mutanen nan kuwa ba jahilai ba ne: tun 1865 suke ajiye mai karanta musu jaridu da littattafai suna aiki.

To, sai gwanin ya ce, "Wannan mai kyau ce." Ya yi gaskiya? Lalle ya yi, in nufinsa an ƙware wajen yi. Amma fa likitoci sun tabbatar tana kawo sankarar baki da maƙogwaro, ko da ba a haɗiye hayaƙin, kuma babba guda ɗaya takan kai nauyin tabar kwalin sigari. Wadda aka fi ƙwarewa wajen naɗinta ba ta fi ta banza sauƙin cuta ba, sai dai ma ta fi jan mutum ya koma.

Mu dai ba mu ga laifin yabon hannun manaɗi ba, gama bai yi algus ba, ya ba da abin da aka biya. Inda muke jayayya da mashayi ne, da ya ɗauki hukuncin harshensa ya mai da shi hukuncin jikinsa duka. Harshe ya ba da shaidarsa cikin sa'a guda, kafin tokar ta huce. Maƙogwaro kuwa ba a kira shi ba, ba ya kuma magana sai bayan shekaru.