Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Yaron da Allah ya yi da babban cibi ya san wahalar ɓoyo. Kullum riga a sake, in an je rafi hannu na kan ciki don gudun tsokanar sa'o'insa. Amma idan uwa ta ajiye ruwa da soso, dole ya ɗauke hannun, domin wurin da yake rufewa nan datti ya fi taruwa. Abin da magabata ke nufi ke nan: akwai ranar da rufi yake zama cuta, mai neman magani kuwa ba ya ɓoye wa mai magani ciwonsa.

Mun iya koya wa yara kunya da kawaici, kuma ado ne. Inda muke da saura shi ne koya musu lokacin da ake ajiye kawaicin. Yaro ya shigo da hawaye, a ce "namiji ba ya kuka". Yarinya ta yi kwana da kwanaki ba ta taɓa tuwo, a ce "miskilanci ne, ku ƙyale ta". Da haka suke ɗauka cewa haƙuri shi ne shiru, alhali Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma ya tsaya ya tambayi ƙaramin yaro Abu Umair labarin ɗan tsuntsunsa da ya mutu. Bai raina damuwar yaro don ta tsuntsu ce ba.

Yaran ƙasarmu, daga Taba zuwa Hunkuyi, daga Ikara zuwa Makarfi, suna ɗauke da fiye da tsuntsu. A 2016, lokacin da tsutsa ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin, ba magidanta kaɗai suka rasa barci ba. Ɗan shekara goma sha uku yana daga zaure yana jin mai bin bashi yana ɗaga wa mahaifinsa murya, ya ga an sayar da tunkiyar uwarsa, amma babu wanda ya zaunar da shi ya ce masa komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Da yawansu ba sa cewa "ina cikin damuwa". Cewa suke "kaina ke ciwo" ko "gabana ke faɗuwa". Wanda bai sami kunnen da zai saurare shi ba yakan sami abokin da zai miƙa masa kwalba. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, sai dai doka ba ta taɓa abin da ya kai yaro gare shi.

Buɗe ciki koyonsa ake yi, kamar karatu. Farko a ba yaro sunan abin da yake ji: "Auta, wannan fushi ne ko tsoro?" Sannan a nuna masa abin yi kafin magana ta fito. In yana tsaye cikin fushi ya zauna, ya yi alwala, kamar yadda addini ya koyar. Ya ja numfashi a hankali. Ya fita ya buga ƙwallo. Ya ajiye waya ya yi barci da wuri. Na uku, a tabbatar yana da mutum guda da zai je wa. A gidan da uba ke alkunyar ɗan fari, ko sunansa ba ya faɗa, al'ada ta riga ta buɗe wata ƙofar: kaka da ake wasa da ita, kawu, goggo, ko malamin Islamiyya mai sanyin hali.

A lura kuma, karin maganar ranar wanka ta ce, ba kowace rana ba. Matashin da ke zazzage cikinsa a Facebook ko a majalisar mai shayi ya tuɓe ne a kasuwa. Sanin wanda ake faɗa wa rabin dabarar ne. Nauyin ɗaya rabin yana kan babba: idan yarinya ta ce "Inna, tsoron jarrabawa ya hana ni barci", da yamma kuma ta ji ana ba da labarin a tsakar gida ana dariya, ta rufe baki ke nan, wataƙila har ta girma.

Akwai abin da ya fi ƙarfin gida. Yaron da ya wuce mako biyu ba ci ba walwala, ko ya fara cewa gara ya mutu, a yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti a ranar. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen masu wannan lalura, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Zuwa can ba tonon asiri ba ne. Iyayen da ke son ɗansu ya daina ɓoye musu, su ma kada su ɓoye shi ga likita don gudun bakin mutane.