ALLURAR KASHE ZAFI: HANNUN WA YA CANCANCI RIƘE TA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a wannan mako wata tambaya ce za mu duba, wadda wani tsohon ɗalibina da ke koyon aikin kula da haƙori ya aiko mini. Ya ce gardama ce ta sarƙe tsakaninsa da abokan karatunsa a kan abin da ake yi a Amurka da Ingila, inda ake koya wa ma'aikatan tsabtace haƙori yin allurar kashe zafi, alhali su ba likitoci ba ne. Wasu suka ce sauƙi ne aka kawo wa jama'a, wasu kuwa suka ce wasa ne da rayukan bayin Allah, an ba da amana ga wanda ba ahalinta ba. Shi ne yake son ya ji inda shari'a ta tsaya.

Kafin a yanke wa abu hukunci dole a san siffarsa. Shi dai ma'aikacin tsabtace haƙori, aikinsa shi ne kankare dattin da ya daskare a jikin haƙora da ƙarƙashin dasashi, da lura da ciwon dasashi, da koya wa mutane tsabtar baki. Wani likita mai suna Alfred Fones ne ya buɗe makarantar farko ta wannan sana'a a jihar Konetikat ta Amurka a 1913. To, kankare gindin haƙori mai ciwo abu ne mai zafi ƙwarai, sai an kashe wurin da allura. A da, sai ma'aikacin ya dakata ya jira likita ya bar nasa majinyacin ya zo ya yi allurar. In likita ba ya kusa, sai dai a yi aikin mutum yana murƙususu, ko kuwa a yi shi sama-sama a sallame shi da ciwonsa.

Jihar Washinton ita ce ta fara ba waɗannan ma'aikata izinin yin allurar a 1971, sauran jihohi suka riƙa bi ɗaya bayan ɗaya. Jihar Tekzas ba ta yarda ba sai a 2023, shi ma da sharuɗɗa: sai ga wanda ya kai shekara 18, sai allurar da ake yi kusa da haƙorin da za a taɓa, kuma sai likita yana nan a asibitin. Watau an shafe fiye da shekara 50 ana wannan muhawara a ƙasa ɗaya.

Masu tsoro kuwa ba a banza suke tsoro ba. Maganin da aka fi amfani da shi, lidokain, wanda aka haɗa a Suwidin a 1943, yakan zo a 'yar kwalba mai cin mililita 1.8, ɗauke da miligiram 36 na maganin, galibi gauraye da ɗan adiranalin don ya daɗe a wurin. Idan tsinin allura ya faɗa cikin jijiyar jini aka tura maganin, zuciya takan buga da sauri, jiri ya ɗebi mutum. Idan aka wuce kima, musamman ga yaro mara nauyi, abin yana iya kaiwa ga jijjiga da tsayawar numfashi. Shi ya sa ake koya wa mai allura ya ɗan ja baya da sirinji ya duba ko jini ya shigo kafin ya tura, ya lissafa kima bisa nauyin jiki, ya tambayi mutum ko yana da ciwon zuciya ko yana shan wani magani, ya kuma san abin da zai yi nan take in mutum ya suma. Ashe dai ba tsira allura ne aikin ba. Wannan ko yaro ya iya. Aikin shi ne sanin abin da ke ƙarƙashin naman da ido ba ya gani.

To, me shari'a ta ce? Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin magani ba. Mai karatu ya lura da kyau, an rataya hukuncin ne a kan ilmi da kuma sanin da mutane suka yi wa mutum da shi. Ba a rataya shi a kan laƙabi ba. A kan wannan ne malamai irin su Ibnu Rushdi a Bidayatul Mujtahid da Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad suka bambance tsakanin gwani da aka yi wa izini, da gwanin da hannunsa ya kuskure, da jahilin da ya yi shigar gwanaye. Na farko ba kome a kansa in ya bi ƙa'ida, na biyu akwai diyya amma ba zunubin ganganci, na uku kuwa shi ne mai laifi.

Tarihi ma ya nuna mana yadda magabata suka aikata wannan. A shekara ta 319 bayan Hijira, daidai da 931, wani mutum ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani. Halifa Muƙtadir ya umarci Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba masu magani na birnin, kada wanda ya ƙara taɓa majinyaci sai da takardar izini. Abin lura a nan shi ne, kowa an rubuta masa fannin da aka yarda ya yi aiki a cikinsa gwargwadon saninsa. Haka kuma Zahrawi, babban likitan Ƙurɗuba wanda ya rasu wajen 1013, ya zana kayan kankare haƙori a littafinsa Attasrif, ya kuma yi kashedi game da jahilan masu ƙaho da ke fizgar haƙori har su karya muƙamuƙi. Kukansa da jahilci ne, don shi kansa ya rubuta littafin ne domin ya koyar.

Akwai wani misali da ya fi kusa da mu almajirai. Malami yakan ba ɗalibi ijaza a kan littafin da ya karanta a gabansa ya ƙware, ko da bai sauke sauran littattafai ba. Wanda ya ƙware a Iziyya da Risala yana iya karantar da su, ba wanda zai ce sai ya gama Muhtasar. Malaman usulu da dama, cikinsu har da Imamu Gazali, sun tafi a kan cewa ijtihadi kansa yana rarrabuwa, mutum ya zama gwani a babin gado, alhali bai kai haka a babin ciniki ba. In har an yarda da wannan a sha'anin fatawa, wadda ta shafi lahirar mutum, ban ga dalilin ƙin yarda da shi a sha'anin allura ba. Wanda aka koya wa hanyoyin jijiyoyin baki, da halin magani, da lissafin kima, ya yi allura sau da yawa a gaban malaminsa, aka jarraba shi ya ci, hukuma ta ba shi izini, to wannan an san shi da ilmin wannan babi. Shi ahalin amanar ne a iyakar babin.

Amma fa akwai ramuka biyu a gefen wannan hanya, kuma duka biyun a zuciya suke. Na farko shi ne rowar ilmi. Idan babba ya hana a koya wa na ƙasa da shi aikin da zai iya, ba don tsoron cutar da majinyaci ba sai don kare girma ko kuɗin shiga, ya sani zafin da talaka ya sha yana jira yana wuyansa. Ɓoye ilmi mai amfani abu ne da aka yi mummunan gargaɗi a kansa. Na biyu shi ne kwaɗayi ta ɗaya ɓangaren: mai asibiti ya ga ma'aikaci ya fi likita araha, sai ya gajarta horo, ya miƙa masa sirinji, shi kuwa ya koma ƙirga riba. Wannan ya ci amana, kuma takardar da aka samu ba tare da ilmi ba shaidar zur ce, ko da hatimi goma aka buga mata. Kowane ɓangare yakan fake da sunan majinyaci, Allah kuwa Ya san abin da ƙiraza suka ɓoye.

Shi kuma ma'aikacin da aka ba izini, babban abin da ke kansa shi ne sanin iyakarsa. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba, wannan kuwa bai rage shi da kome ba. Haka ya kamata mai allura ya zama. In ya ga tsoho mai ciwon zuciya, ko kumburin da ya wuce saninsa, ya ajiye sirinji ya kira likita. Ya kuma gaya wa majinyaci gaskiyar matsayinsa, kada ya yi shiru a kira shi likita yana jin daɗi, domin izinin da mutum ya bayar a kan jikinsa bisa ruɗi ba izini ba ne. A makarantu da yawa ɗalibai kan fara gwada allurar a bakin junansu. Ina ganin akwai tarbiyya a cikin wannan, don wanda ya ɗanɗani tsinin allura a dasashinsa zai sassauta hannu ga ɗan'uwansa.

Mu ma nan maganar ta shafe mu. Kowa ya san ƙarancin likitocin haƙori a garuruwanmu, balle ƙauyuka, ya kuma san yadda mai ciwon haƙori kan ƙare a hannun mai awartaki a kasuwa. Nijeriya tana da hukumar rajistar ma'aikatan jinyar haƙori tun 1993. Abin da ya rage ga shugabanni shi ne su yawaita horo na ƙwarai, su tsananta jarrabawa, su fayyace wa kowa iyakarsa, su kuma hukunta mai shigar burtu. Aikin magani farilla ce ta kifaya, kuma ba ta sauka daga wuyan al'umma da likita ɗaya a birni alhali dubbai suna kwana da hannu a kunci.

Saboda haka amsata ga ɗalibina ita ce: ya halatta, har ma abin so ne, matuƙar an koyar da gaske, an jarraba da gaske, hukuma ta yi izini, majinyaci ya san wanda ke kansa, shi kuma ma'aikaci ya tsaya inda saninsa ya tsaya. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, to lamuni ya hau kan wanda ya kayar da shi. Allah ne Mafi sani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu zama masu riƙon amana a ɓoye da bayyane. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.