Zubar Da Ciki: Tsakanin Dokar Ƙasa Da Hukuncin Shari'a

'Yan'uwa Musulmi, zancenmu na wannan mako a kan batun zubar da ciki ne, wanda 'yan siyasa suka daɗe suna ja-in-ja a kansa.

Dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ta hana zubar da ciki sai domin ceton ran uwa, ta kuma tanadi ɗauri har na shekara 14. A 1981 an kai wa Majalisar Wakilai ƙudurin sassauta doka, bai sami shiga ba. A 2004 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Maputo, wadda ta nemi a halatta shi idan an yi fyaɗe ko ciki ya zama haɗari ga lafiyar uwa, amma dokarmu ba ta sake ba. A 2022 Jihar Legas ta fitar da ƙa'idoji ga likitoci, jama'a suka yi ca, gwamna ya dakatar da su. A shekarar nan ce kuma Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncinta na 1973 wanda ya buɗe wannan ƙofa.

To, mu mene ne namu? Allah Maɗaukakin Sarki Ya bayyana matakan halittar ɗan Adam a farkon Suratul Mu'minun, kuma a Suratul Isra'i Ya hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu, watau na huɗu a cikin Arba'una Hadis, ya nuna ana busa rai bayan kwana arba'in sau uku, kwana 120 ke nan. Malamai sun haɗu a kan haramcin taɓa ciki bayan busa rai, in ba an tabbata barinsa zai halaka uwa ba, domin ita ce tushe, shi kuwa reshe ne. Kafin busa rai akwai saɓani. Mashahurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne hani tun daga shigar ciki, ko da yake Lakhmi ya yi rangwame kafin kwana arba'in, wasu malaman Hanafiyya kuma suka yarda idan akwai uzuri mai ƙarfi. A 1990 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta ba da izni kafin kwana 120, idan amintattun likitoci sun tabbatar da mummunar nakasa marar magani. Wanda ya jawo ɓari kuwa, Shari'a ta ɗora masa gurra, watau ushirin diyyar uwa, kuma wannan hukunci ya shiga dokar Shari'a da Jihar Zamfara ta fara aiki da ita a 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura.

Saboda haka ba mu goyon bayan kowace doka da za ta mai da zubar da ciki abin ganin dama. Amma fa ƙin sauya doka bai sauke mana nauyi ba. Kowa ya san abin da 'yan bindiga suka jawo wa ƙauyukan Talata Mafara da Bakura da Maradun. Akan sace mata, a biya fansa, wata ta komo gida da cikin da ba ta nema ba. Sai miji ya juya mata baya, maƙwabta su sa ta a baki, uwa kuma don gudun abin kunya ta nemo jiƙo ko ƙwayoyin kemis a asirce. Ƙarshenta jini ya ɓalle, a ƙi zuwa asibiti don tsoron tonon asiri, a yi asarar rai biyu.

Jama'a, mu ji tsoron Allah. Wadda aka tilasta ba ta da zunubi, ba ta da haddi, ɗan da ta haifa kuma bai yi laifin kome ba. Wajibi ne a gaggauta kai ta asibiti, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin kwana uku na farko yake amfani. Wadda jini ya ɓalle mata, ko mene ne sanadi, a kai ta ga likita. Yi mata magani ba laifi ba ne a doka, ceton rai ne a addini. Idan an shiga matsi, kada kowa ya yanke wa kansa hukunci. A haɗa malami masani da likita mai amana su duba al'amarin da wuri.

Ga wakilanmu kuma muna cewa, kare abin da ke cikin mahaifa yana farawa ne daga kare uwar. A tsare ƙauyuka, a wadata asibitoci da ungozoma da jini, a hukunta masu fyaɗe. Limamai su faɗakar, mawadata su tallafa da zakka.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.