Bashin da ke Wuyan Ɗalibi

Da aka kafa Jami'ar Garwa a 2022, bayan ta Ngaundare a 1993 da ta Marwa a 2008, ɗan arewacin Kamaru ya huta da tafiya Yawunde neman digiri. Tambayar da na fi ji a bakin ɗalibai kuwa ita ce: wace jarrabawar shiga aikin gwamnati za a buɗe bana? Ban ga laifinsu ba. Mai tsofaffin iyaye dole ya yi tunanin albashi.

Sai dai a ganina akwai tambayar da ta riga wannan: wa ke biyan karatun? Ɗalibi yana ba da sefa 50,000 a shekara, abin da bai kai albashin malaminsa na wata guda ba. Ragowar daga aljihun jama'a take fitowa, har da manomin da ke sayar wa SODECOTON auduga da masuncin Lagdo, waɗanda da yawansu ba su taɓa taka aji ba. Ashe digiri bashi ne.

Wanda ya san da bashi a wuyansa, shirinsa na aiki daban ne. Ɗalibin likitanci zai ƙware a Fulatanci don ya ji ciwon tsohuwa daga bakinta, ba ta bakin tafinta ba. Mai karatun lissafin kuɗi zai ba ƙungiyar manoma hutunsa, ya riƙe musu littafi. Ko gwamnati ta ɗauke shi ko ta bar shi, ya fita da hannun da ya saba da aiki, da mutanen da za su shaidi amanarsa.