Mai Ɗanɗano Ma Ci Yake Yi

Shin ana iya sanin abu ba tare da an taɓa shi ba? Tambayar ta malaman falsafa ce, amma masu haɗa na'urorin awon lantarki ne suke fama da ita kullum, kuma a ganina amsarsu ta fi gamsarwa. Duk mitar da ke auna ƙarfin lantarki sai ta ɗebi kaɗan daga abin da take aunawa, kamar mai ɗanɗana miya. In tukunyar gidan biki ce, ludayi ɗaya ba ya rage komai. In kuwa miyar duka cokali ɗaya ce, ɗanɗanon ya cinye ta. Mitar da makanikai ke riƙewa tana da turjiyar megaohm 10 a ƙofar shigarta, wadda ta isa a auna batir. Amma a ɗora ta kan sandar gilashin da ke auna tsamin ruwa mai turjiyar megaohm 100, sai ta nuna kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na ainihin ƙarfin. Ba ƙarya ta shara ba, abin da ya rage bayan ta ci ta faɗa. Irin wannan matsala ce Arnold Beckman ya warware a Kalifoniya a 1934, lokacin da ake neman hanyar auna tsamin ruwan lemo.

Wani zai ce ai sai a ƙara turjiyar har cin ya ƙare. An ƙara. Akwai na'urorin kamfanin Keithley da turjiyarsu ta haura ohm tiriliyan 100, amma ko femtoampere ɗaya ya zurare, ilaktron wajen 6,200 ke nan a kowace daƙiƙa. A wannan matakin maiƙon yatsa ko danshin damina a kan allon na'ura ya isa ya buɗe wa lantarki ɓarauniyar hanya. Maganin da masu haɗa na'urorin suka samo abin lura ne: ba katanga kaɗai suke ginawa ba, zoben tagulla suke kewaya wa ƙofar, su ɗaga ƙarfinsa ya yi daidai da nata. Inda babu tudu babu kwari, ruwa ba ya gangara. Har dabarar Poggendorff ta 1841, wadda ke daidaita ƙarfi biyu har allurar mita ta tsaya cak, iyakarta abin da allurar ke iya ji.

Wani kuma zai juya ta ɗaya gefen, ya ce tunda kowane awo na ɓata abin awo, to babu ilimi, zato ne kawai. Nan ne ban yarda ba. Ɓarnar da aka san girmanta ana cire ta a lissafi. Injiniyan da ya san turjiyar mitarsa da ta sandarsa zai mayar da kashi ɗayan nan zuwa goma sha ɗaya ba tare da ya tashi daga kujera ba. Alƙalin shari'a ma ba ya jiran shaidan da ba shi da dangi ko ra'ayi, don babu shi. Bincikar adalcinsa yake yi, ya tambayi alaƙarsa da masu ƙara, sannan ya san nauyin da zai ɗora wa maganarsa.