Katako Ba Ya Komawa Baya

A shekarar 1951 ne Leo Fender, wani mai gyaran rediyo a garin Fulaton na jihar Kalifoniya a Amurka, ya fito da jitar da ya kira Precision Bass. Ita ce jitar lantarki mai kaurin murya, mai tsirkiya huɗu, wadda ke riƙe gindin kiɗa a yawancin waƙoƙin zamani. Fender ba makaɗi ba ne. Tunaninsa na masana'anta ne: gangar jiki daban, wuya daban, a haɗa su da kusoshi masu murɗi, in wuya ya lalace a kwance shi a ɗaura wani. Tun asali an tsara wannan kayan kiɗa ne domin a riƙa yin sa da yawa. Yau kuwa injin da kwamfuta ke sarrafawa yana yanke gangar jiki cikin ɗan lokaci, ta ɗari kamar ta farko.

Duk da haka, akwai mutanen da ke shafe watanni suna sassaƙa tasu da hannu. Sau da yawa kuɗin katako da kayan aiki ya fi kuɗin sabuwa a shago. Shin wannan wahalar banza ce, ko akwai abin da hannu ke ƙarawa?

Mu fara da abin da aikin ya ƙunsa. Tsawon tsirkiya daga sama zuwa gadar da ke ƙasa inci 34 ne. A kan wuya ana jera ƙananan ƙarafa waɗanda ke raba muryoyi, kuma lissafi ne ke faɗin wurin kowanne: a raba tsawon da ya rage da 17.817. Ƙarfe na farko zai zauna a kusan milimita 48 da rabi, na 12 kuma a tsakiyar tsirkiya cif. In zarto ya kauce ko da kaɗan, muryar wannan wuri za ta yi ta fita ba daidai ba muddin jitar na raye. Tsirkiyoyin huɗu suna jan wuyan da ƙarfin da ya kai kusan nauyin babban mutum, shi ya sa ake fafe rami a cikinsa a kwantar da sandar ƙarfe, sannan a rufe da wani katako a manne da gam.

Mai musu zai ce kunne bai san hannu ba. Yana da gaskiya. Sautin yana fitowa ne daga girgizar tsirkiya a saman maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai, kuma lantarki ba ya tambayar wanda ya yi naɗin. Duk wanda ya ce jitar hannu dole ta fi ta masana'anta daɗin sauti, son zuciya ne ke magana. Saboda haka in akwai riba a wannan aiki, a jikin mai yin za a neme ta.

Wani Baturen Ingila mai suna David Pye, malamin zane kuma masassaƙi, ya rubuta littafi a 1968 inda ya raba aiki gida biyu. Akwai aikin tabbas, wanda an riga an ƙayyade sakamakonsa kafin a fara. Akwai kuma aikin kasada, wanda a kowane lokaci yana iya lalacewa, domin ya dogara da hankali da kulawar mai yi. A wurin Pye, kayan aikin da ke hannu ba shi ne ma'auni ba. Mai yin jita a gida ma yana amfani da injin huda da na yanka. Ma'aunin shi ne, in an yi sakaci, shin aikin zai iya lalacewa?

Nan ne abin ya shafe mu, mu masu rubuta manhaja. Sana'armu ta ginu a kan komawa baya. Duk abin da ka goge kana iya dawo da shi, Git yana riƙe da tarihin kowane layi, in an saki manhaja da matsala sai a tura gyara washegari. Wannan ni'ima ce, kuma ita ta sa ake gina manyan abubuwa da sauri. Amma tana haifar da wata ɗabi'a ta "a saki yanzu, a gyara daga baya". Matsalar ita ce, layin manhaja ne kawai ke komawa baya, rayuwar mutane ba ta komawa. Matar da kuɗinta ya maƙale ranar da take bakin asibiti, gyaran gobe bai mayar mata da wannan daren ba. Bayanan sirri da suka fita sun fita. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Aiki ma haka yake, allon kwamfuta ne kawai ke ɓoye mana.

Katako ba ya ɓoyewa. In ka kankare wuya ya wuce kima, babu maɓallin da zai mayar da abin da ya zube ƙasa. Dole ka auna, ka sake aunawa, ka gwada a kan guntun da ba ka buƙata, ka jira gam ya bushe ko da zuciya na azalzala. Mutum yana koyon tsayawa ya yi tunani kafin ya zartar, kuma wannan tarbiyya ce da ake buƙata nesa da teburin kafinta.

Sai dai kada mu tsarkake aikin hannu. Yana iya zama alfahari da almubazzaranci, musamman in ana farautar katako mai tsada domin burga. A 2017 an tsaurara dokar cinikin wasu itatuwa masu daraja a duniya saboda yadda ake ƙarar da su, kuma madobiyar dazuzzukanmu na cikin waɗanda saran ya yi wa illa. Wanda ya koyi tausayin katakon da ke gabansa amma bai damu da dajin da aka saro shi ba, karatunsa bai cika ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ramin nan na sandar ƙarfe. Da zarar an manne murfinsa, babu mai sake ganin cikinsa. Ko an share shi tsaf ko an yi aikin ha'inci, mai saye ba zai sani ba sai bayan shekaru, ranar da wuya ya lanƙwashe. Kowace sana'a tana da irin wannan rami: ƙarfen da magini ya binne a siminti, ɗinkin da tela ya juya ciki, layin manhajar da ba wanda zai duba. A can ake gane mai amana, domin shaida ɗaya ce a wurin, shi ne wanda ya yi aikin.