Fasali: Shin Zama Wuri Ɗaya Shi Ne Sanin Juna?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, Allah ya bayyana hikimar rarraba mu ƙabila-ƙabila cikin Suratul Hujurati, aya ta 13, ita ce sanin juna. To, shin ɗalibai in sun taru a zaure ɗaya sanin ya samu ke nan? Jawabi shi ne a'a. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Sau da yawa za ka ga Bahaushe na ci da Bahaushe, Bazabarme na bita da Bazabarme, shekara goma gaban malami ɗaya, kowa ya koma da rainin da ya zo da shi.

Dubi Kaulaha ta ƙasar Sanigal. Shehu Ibrahim Inyas, Allah ya ƙara masa yarda, an haife shi a 1900, ya rasu a 1975. Larabawan Shingiɗi, waɗanda aka san su da nahawu da lugga, sun durƙusa gabansa suna neman tarbiyya, alhali shi baƙar fata ne mai magana da Wolof. Bayan haɗuwarsa da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a hajjin 1937, Hausawa suka kama hanyar can, daga Kano, da Damagaram, da Kumasi. Abin da ya ɗinke zukatansu shi ne kowa ya yarda yana da buƙata wajen ɗan'uwansa. Wannan ya gyara wa wancan i'irabi, wancan ya koya masa ladabin hidima.

Idan aka ce, ai kowa da yarensa ya fi saurin fahimta, sai mu ce gaskiya ne wajen fassara. Amma girman kai ba ya karyewa sai ranar da wanda kake rainawa ya gyara maka karatu, ka ce masa na gode.

Abin tsoro, ɗalibin yau shi ne limamin gobe. In ya koma da ƙabilanci, sahu zai tsage a bayansa, zango ɗaya ya zama masallaci biyu. Saboda haka muna yi wa muridai wasiyya, kowa ya riƙi abokin bita daga wata ƙabila, su ci a akushi ɗaya, ya koyi gaisuwar garinsu, ya yi jinyarsa in ya kwanta ciwo.

Allah ya haɗa zukatanmu bisa son Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Amin.